Tutar Ƙasa da Tutar Ƙungiya: Kowace da Mazauninta

 

Iyayenmu malamai, shugabannin ƙungiya, ƙannena maza da mata na Filinge da sauran garuruwan Kurfai, ina gaishe ku. An ce mini wagga magana za ta shiga littafin tunawa na bikinmu. To, kai da ke karantawa, da kai nake.

Bari in fara da kunyar da na sha. Bara, ranar taronmu na shekara, ni anka ɗora wa gyaran fili. Tutar ƙungiya sabuwa ce dal, babba, daga hannun tela. Tutar ƙasa kuwa aro munka yi, ƙarama, rana ta cinye launinta. Munka ɗaure tamu ga doguwar sanda, ta ƙasa ga gajera, kuma cikin gaggawa kore ya koma sama. Ba wanda ya lura sai wani dattijo, tsohon soja. Bai yi faɗa ba. Ya jawo ni gefe, ya ce, "Ɗana, wa ya ɗaura wagga?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ce, "Irinta anka lulluɓa wa gawar ɗan ƙanena. Je ka gyara."

Wallahi har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Ni ƙyalle na gani, shi kuwa ɗansa ya gani.

Wagga tuta, da muke ce wa darapo, ta girmi yawancinmu, ta ma girmi ƴancin kai. Ran 23 ga Nuwamba 1959 anka amince da ita, ƴanci bai zo ba sai 3 ga Agusta 1960. Ruwan goro a sama, fari a tsakiya da da'irar rana, kore a ƙasa. A nan jiharmu ta Tilaberi mun san farashinta. A Inates, cikin Disamba 2019, sojoji 71 sunka rasu. Bayan wata guda, a Shinagodar, 89. Kowane karo an yi makokin kwana uku, tuta tana rabin sanda. Iyayen irin waɗannan bayin Allah suna zaune cikin tarukanmu, suna kallon yadda muke riƙe ta.

Na san akwai mai cewa, "Malam, girmama ƙyalle ba shirka ba ce?" Ɗan'uwa, bauta daban, ladabi daban. Ba mu roƙon tuta, ba ta ba mu ruwan sama. Amma duba tarihinmu. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Zaidu ɗan Harisa ya riƙe tuta har ya yi shahada. Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya karɓa, anka sare damansa ya riƙe da hagu, anka sare hagun ya rungume ta. Ba zaren yake karewa ba, jama'ar da ke bayanta yake karewa. Tuta alama ce ta mutane. Wanda ya wulaƙanta ta, mutanen ya wulaƙanta.

To, ga abin da na koya tun daga wancan yini.

Na farko, tsawo. Tutar ƙungiya ba ta hawa sama da ta ƙasa, ba ta kuma fin ta girma. In sandunan ba daidai suke ba, doguwar ta ƙasa ce.

Na biyu, mazauni. In tutoci biyu ne, ta ƙasa tana hannun daman mai jawabi in ya fuskanci jama'a, wato hagun masu kallo. In uku ne, misali ta Nijar, da koriyar tutar ƙawancen AES da anka fara ɗagawa cikin Maris 2025, da tamu, to a filinmu ta Nijar ce tsakiya, ta AES ga damanta, tamu ga hagunta.

Na uku, baƙi. In ƴan'uwa sunka zo wa'azi daga Nijeriya ko Mali, a ba tutarsu sandarta ita kaɗai, tsawo ɗaya, girma ɗaya da tutar ƙasarmu. Ba a jera ƙasa biyu ga igiya guda, wata bisa wata. Haka ake yi a Majalisar Ɗinkin Duniya: ƙasa babba da ƙarama kafaɗa ɗaya. Mai masauki ya zauna mazauninsa, amma ba ya taka baƙo.

Na huɗu, ita ake fara ɗagawa, ita ake saukewa ƙarshe. Mutum biyu su sauke ta, ɗaya ga igiya, ɗaya ya tare, kada ta taɓa turɓaya. Kafin ka ja igiya, duba: ruwan goro ne sama? Duba kuma abin da ka sayo. Tutar Indiya ta yi kama da tamu, sai dai ita shuɗiyar ƙafar keke gare ta a tsakiya. Ta Kodibuwa launukan ɗaya ne, amma a tsaye suke, ba da'ira.

Na biyar shi ya fi shafarmu. Da yawa cikin tutocin ƙungiyoyin Musulmi suna ɗauke da kalmar shahada ko aya. Saudiyya ba ta sassauta tutarta don makoki, saboda wagga kalma. To, ranar da anka ce ƙasa na makoki, yaya ke nan? In mun bar tamu a ƙoli, ta hau kan ta ƙasa. In mun sassauta ta, mun sassauta sunan Allah. Mafita mai sauƙi ce: ranar nan kada a ɗaga tamu sam. A naɗe ta, a ajiye wuri mai tsarki. Ta ƙasa kuwa a kai ta ƙoli tukuna, sannan a dawo da ita rabi.

Abu na ƙarshe, ranar Kurfai da iskar hunturu ba su raga wa yadi. In tuta ta koɗe ko ta yage, kada ta koma shimfiɗar tebur ko tsumman goge babur. Ina roƙon ma'aji ya ware kuɗin sabuwa kowace shekara, kuma a naɗa matasa biyu, ɗaya daga Filinge ɗaya daga ƙauyuka, waɗanda aikinsu ke nan ranar taro. Mu bar aro.

Ƙanena, mutanen gari ba duka ke shiga su ji wa'azinmu ba. Mai wucewa bisa amalanke zuwa Tukunus ko Shikal, sandunan nan yake hange daga nesa, da su yake auna hankalinmu. Dattijon nan ya zo bana ma. Na gan shi ya ɗaga kai ya duba, ya samu wuri ya zauna, bai kira ni gefe ba.

Allah ya jiƙan waɗanda sunka riga mu, ya ba iyalansu haƙuri, ya zaunar da Kurfai da Nijar lafiya.