Ku Fita da Yaranku

Karatunmu na yau yana cikin Maimaitawar Shari'a 6:4-9. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa, sai ya buɗe.

A wurin nan Musa ya umarci Isra'ilawa su koya wa 'ya'yansu maganar Allah, har ya ambaci lokatai huɗu: zaman gida, da tafiya, da kwanciya, da tashi. A kan ukun nan na cikin gida muna ɗan ƙoƙari, ko da addu'ar safe ce da ta dare. Amma na tafiyar fa? Yaushe rabonmu da mu taka ƙafa tare da yaranmu, in ba zuwa sujada ko asibiti ba?

Yawancinmu a ƙauye muka tashi. Muna bin iyayenmu gona, muna bin su kasuwa, a hanyar nan ne muka ji tarihin danginmu, da yadda bishara ta shigo gidajenmu, da irin tsananin da na farko suka sha. Ba wanda ya kira abin nan darasi, amma ya zauna. Yau yaronmu na Sabon Gari yana tsakanin ɗaki da makaranta da majami'a, in ya sami sarari kuma sai wayar hannu. Yana shan miyar daddawa, bai taɓa ganin itacen ɗorawa ba. Muna karanta masa misalin mai shuki, alhali bai taɓa riƙe iri a hannunsa ba. To, yaya misalin zai shige shi?

Ga shi kuwa Allah bai hana ƙasarmu abin kallo ba. A Bebeji akwai madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, aka tare Kogin Kano da ita. Ruwan nan ne yake shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura. Daga Kano ana zuwa a dawo a yini ɗaya. Ku tsai da yaro a bakin ruwan, ku gaya masa shinkafar da ya ci jiya daga nan ta sha. A Doguwa kuma ga duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Ku zauna a gindin dutse ku buɗe Zabura 104, wadda take zancen maɓuɓɓugai da ciyawar dabbobi da remaye a cikin duwatsu. Yaron da ya ji ta a can ba zai ƙara jinta kamar dā ba.

Wani zai ce, ina kuɗin mota? Gaskiya ne, zamani ya yi tsanani. Amma Musa bai yi zancen mota ba. Wanda yake birni, akwai gidan namun daji na Audu Bako. Wanda bai iya wannan ba, in hutun makaranta ya zo lokacin kaka, ya kai yaran gida su taya kakanninsu karyar masara, su kwana biyu. Iyali uku ko huɗu na ikilisiya ɗaya suna iya haɗa kuɗi su ɗauki mota guda, Zumuntar Mata su dafa abinci, a tafi da ruwan sha. Mu maza kuma, a nan za mu ɗan taɓa ku. Sau da yawa mukan miƙa wa uwar yara kuɗi mu ce ta kai su, mu kuwa mu nufi majalisa. Umarnin nan bai ware uba ba. Yaro yakan faɗa wa babansa a hanya abin da ba zai faɗa a gaban tabarmar cin abinci ba.

Sai dai a fita da hankali. Dajin Falgore, wanda hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa, daji ne mai kyau, tun zamanin Turawa aka keɓe shi. Amma mun san yadda ɓarayin shanu da 'yan fashi suka addabi mutane a wurin wajen 2015. Kada kowa ya shiga da yara sai ya tambayi hukuma da mutanen yankin, kada kuma dare ya same ku a hanya. A Tiga ma, ruwa ba ya wasa. Kada yaro ya shiga wanka, kada a hau kwalekwalen da aka cika maƙil.

Ku tuna da Luka 2:41-52. Yusufu da Maryamu suna dawowa daga Idin Ƙetarewa, suka yi tafiyar yini guda suna zaton Yesu, ɗan shekara 12, yana cikin ayari. Sai bayan kwana uku suka same shi a Haikali. In har iyaye irin waɗannan zato ya ruɗe su, ina ga mu? Ku ƙirga yara kafin mota ta tashi, ku sake ƙirgawa kafin a juyo, kowane yaro kuma a san babban da yake riƙe da shi.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na Sama, ka ba iyaye zarafi da ƙarfin hali su yi tafiya tare da 'ya'yansu. Ka tsare matafiya a hanyar Falgore, ka ba ƙauyukan da suke kewaye da dajin salama, da Kirista da Musulmi duka. Ka sa albarka a amfanin gonar bana. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.