Ƙere-ƙeren Yara a Tsakar Gida

Jawabin yau a kan ƙananan yara ne, da 'yan ƙere-ƙeren da su ke yi da abin da manya suka yar.

Idan kaka ta yi, aka girbe dawa, sai a ga yara suna jan kara zuwa inuwa. Yaro ya ɓare ɓawon, ya fid da totuwa, ya yanka ta gunduwa-gunduwa, sa'an nan ya riƙa soka tsinken ɓawon yana haɗawa, har mota ta fito da ƙafafunta huɗu, wani ma har ya yi wa kansa tabarau na direba. Na birni kuwa gwangwanin madara ya ke nema, da marafan kwalba, da tsohon silifas wanda zai yanka ya yi taya. 'Yan mata su kan ɗaura wa 'yar tsana ƙyallen da tela ya zubar, su gina 'yan tukwane da yumɓu.

Iyaye da yawa ɓarna su ke ɗaukar wannan. Uwa ta share tsakar gida ta haɗa da motar ta zuba a murhu, uba ya daka tsawa don an ɓata riga. Lalle wannan kuskure ne. Yaron da ya gwada ƙafar mota sau uku kafin ta juya ya koyi awo da haƙuri, hannunsa kuma ya faɗa, watau ya shirya riƙon alƙalami tun bai shiga makaranta ba. Ladi Kwali tana ƙarama ta koyi ginin tukwane wurin 'yar'uwar iyayenta a ƙauyen Kwali. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wadda a ke kira Suleja yanzu, aka kai tukwanenta har Ingila ana nunawa. Ta rasu a 1984, ga hotonta nan a bayan takardar naira 20.

Ba sai an kashe ko kwabo ba. Gawayi ya ba da baƙi, farar ƙasa fari, jar ƙasa da ruwan zoɓo ja, gangamau kuwa rawaya. Ƙaro in an jiƙa shi ya isa abin liƙi, bayan tsohon kwali kuma ya zama allo. Abin da yaro ke bukata wurin babba shi ne a zauna kusa, a tambaye shi abin da ya ƙera. Kada a karɓe a gyara masa. In saniyarsa ta fito da ƙafa uku, a bar shi ya gano da kansa.

Amma akwai inda tilas a sa ido. Bakin gwangwani mai tsatsa ya kan yanka hannu, daga nan ciwon sarƙewar haƙora ke shiga, don haka babba ya fara daddaƙe bakin, a kuma tabbata an yi wa yaro allurar riga-kafi. Kada a bari ya taɓa mazubin maganin ƙwari ko tsohon batir, ko da an wanke. 'Ya'yan zurma da na idon zakara suna da kyaun gani, amma dafi ne in an tauna, ruwan tumfafiya kuma yana lahanta ido. Ɗan ƙasa da shekara uku kuwa, kome ya samu baki zai kai, sai a nisanta shi da duwatsu da marafan kwalba.

Batun yumɓu ya fi kowanne nauyi. Babba ne zai ɗebo, gama kududdufi yana cin yara da damina, ruwansa kuma yana sa tsargiya. Kada a ɗebi ƙasa kusa da inda a ke niƙa duwatsun zinariya. A 2010 gubar dalma daga irin wannan ƙura ta kashe yara ɗaruruwa a ƙauyukan Zamfara.

In an tashi daga wasa, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, sa'an nan a samo tsohuwar ƙwarya ko kwando inda yaro zai riƙa ajiye aikinsa, kada awaki su cinye.