Ɗan Sakandare a Ajin Kwaleji



A shekarar 1985 Jihar Minesota ta Amurka ta kafa dokar da ta bai wa 'yan aji biyun ƙarshe na sakandare damar ɗaukar darussa a kwaleji kyauta. Jihar Washinton ta bi sahu a 1990, inda yara ke shiga kwalejojin al'umma masu karatun shekara biyu. Duk darasin da yaro ya ci, akan lissafa masa shi a makarantun biyu, har mai himma kan fita da difloma.

Sai dai a Washinton kuɗin littattafai da na mota galibi yana wuyan iyaye. To, ina makomar ɗan talakan da ke nesa da kwaleji? Muddin hukuma ba ta ɗauke masa wannan nauyi ba, mai hali kaɗai zai ci moriyar shirin.