Hatsi na jiran mota, mota na jiran hatsi: wa ke cin ribar jinkirin?



 An ce in yi magana kan tsadar cimaka. Maganar tana da faɗi, don haka na zaɓi gefe guda wanda ba kasafai muke dubawa ba, wato abin da ke faruwa tsakanin bakin rumbun manomi da bayan kamyo. Ku ba ni hankalinku kaɗan, da labari zan fara.

Kakar da ta wuce na je ƙauyenmu, can arewa da Mayahi. Kawuna da wasu manoma sun haɗa kai sun tara wakensu wuri guda, buhu 120. Wani ɗan kasuwa na nan Maradi ya yi musu farashi mai kyau, da sharaɗin kayan su iso mangazarsa kafin Juma'a. Suka kira wani ɗan kamasho a tasha, ya ce su kwantar da hankalinsu, mota na nan tafe ranar Talata. Suka yi hayar amalanke, suka biya yara ƴan dako, suka fitar da buhunan bakin hanya, gindin wani gawo.

Talata ta zo ta wuce, babu mota. Laraba salular mutumin a kashe. Alhamis ya ɗauka, ya ce mota ta samu matsala, amma "ga ta nan kan hanya". Dattawa suka riƙa kwana gun buhuna bi da bi don tsoron ɓarayi da dabbobi. Motar ba ta iso ba sai daren Asabar, kuma rabinta cike da kayan wani. Kafin nan mai sayen ya cika mangazarsa da waken wasu. Ana cikin wannan jira ne wani mai ƙaramar mota ya bi ta wurin da kuɗi a hannu, ya taya ƙasa da farashin farko, mafi yawansu suka sallama. Kawu ya ce mini: "Ɗana, ni da ke da bashin taki a kaina, ina na ga ƙarfin jiran gobe?"

Na dawo Maradi da fushi. Na shiga tasha na nemi direban, niyyata in faɗa masa magana. Bawan Allah ya bar ni na gama, sannan ya ce: "Malam, wallahi ni ba wanda ya ce mini Talata. Ranar Alhamis aka gaya mini, ina cikin layi, juyina bai zo ba. Kuma ka tambaya, sau nawa aka kira ni ƙauye aka ce buhu 300 na jira, na ƙona gazuwal na je na tarar da 80?"

Jikina ya yi sanyi. Na gane kawu bai yi ƙarya ba, direba ma bai yi ƙarya ba. Mutum biyu ne masu buƙatar juna, waɗanda ba su taɓa magana baki da baki ba. Duk abin da ɗaya ya sani game da ɗayan, ta bakin na tsakiya ya ji shi.

To, mu duba yadda abin yake, da lissafi mai sauƙi. Buhun hatsi na kilo 100 tiya 40 ne, in an ɗauki tiya a kan kilo biyu da rabi. Kamyo mai ɗaukar tan 30 na buƙatar buhu 300 kafin ta cika. Ƙaramin manomi kuwa, bayan ya ware na ci da na iri da na zakka, abin da zai fitar kasuwa sau da yawa bai wuce ƴan buhuna ba. In kowa na da buhu biyar, sai an haɗa manoma 60 kafin mota ɗaya ta cika. Mutum 60, kowa da ranar sussukarsa, kowa da ranar da zai samu amalanke, kowa da lalurar da ta sa shi sayarwa. Wa ke da alhakin haɗa ranakun nan su zama rana ɗaya? A mafi yawan ƙauyukanmu babu shi.

Ta gefen mai mota kuma, kowace ranar da kamyo ta kwana a tsaye asara ce. Akwai abincin direba da yaran mota, akwai kuɗin da mai ita ke jira, wani ma bashi ya ci ya saye ta. A tasha akwai layi, wanda sandika ke tsarawa, mota ba ta ɗaukar kaya sai juyinta ya zo. Daga Maradi zuwa Yamai sama da kilomita 600 ne, ga shingayen jami'ai a hanya, ba wanda zai iya rantsuwa kan awa nawa zai ɓata. In ya sauke kaya can bai samu na dawowa ba, ko dai ya zauna jira, ko ya dawo wayam, kuma kuɗin dawowa wayam ɗin a kan buhunka za a ɗora shi. Sannan in an bar kwalta an shiga jigawa, mota mai nauyi na iya kafewa cikin rairayi ta yini. Shi ya sa in direba ya samu lodin babban ɗan kasuwa, cikakke, a mangaza guda bakin kwalta, zai bar alkawarin ƙauye ya tafi. Ban ce ya kyauta ba. Amma duk wanda ke wurinsa zai ji wannan jarrabawa.

Ga kuma lokaci. Kowa ke girbi a tare. Daga watan Oktoba zuwa Disamba gero da wake da dawa duk suna fitowa, daga Dakwaro zuwa Tasawa, daga Gidan Rumji zuwa Magarya da Matamai. Lokacin da manomi ya fi buƙatar mota, lokacin ne mota ta fi wuya. Wake kuma ba ya haƙuri kamar gero, in ya daɗe cikin buhu na yau da kullum ƙwaro zai huda shi, mai saye ya rage kuɗi.

Sai kuma abubuwan da suka fi ƙarfin manomi da direba baki ɗaya. Mun ga Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 har Disambar 2020. Mun ga takunkumin CEDEAO daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024. A watan Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Daminar 2024 ambaliya ta tsinke hanyoyi a wurare da dama, jahar Maradi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya sauya inda motoci ke dosa da ranar da suke dawowa. Babban ɗan kasuwa da ke hulɗa da Dawanau ta Kano yana jin labari cikin awa guda. Manomin da sai ya hau tudu yake samun rezo, shi ne na ƙarshen ji.

Nan ne zancen ya shafe mu, mu ƴan birni. Wanda ya san ranar da mota za ta zo, shi ke yanka farashi. Manomin da ya fitar da kayansa bakin hanya ya riga ya kashe kuɗi, ba ya iya mayar da su rumbu, kowace rana ƙarfin cinikinsa raguwa yake. Mai kuɗi a hannu ya san da haka. Zai saya da arha a kaka, ya ajiye, in damina ta yi tsakiya rumbuna sun zama wayam, ya fito da shi da tsada. A lokacin shi kansa manomin zai dawo yana awon tiya, ya sayi abin da ya noma. Mu ma nan birni mu saya da tsadar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In kun ji uwayenmu na kukan farashin tiya a watan Yuli ko Agusta, ku tuna wani ɓangare na kukan nan an shuka shi tun kaka, gindin gawo, inda buhuna suka kwana biyar suna jiran mota.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ban zo in ce a kori ƴan kamasho ba. Suna da aikinsu, su suka san wace mota ke ina, kuma cikinsu akwai masu amana. Abin da nake ƙi shi ne a ce labarin duka na hannun mutum guda, in ya saɓa kuma ba abin da zai same shi.

Wani zai ce, to ai yanzu kowa na da salula. Gaskiya ne. Amma salula tana kai magana ne, ba ta mayar da ita alkawari. Dukkanmu nan mun taɓa ce wa wani "ga ni nan tafe" alhali ko wanka ba mu yi ba. Muna dariya, amma in buhu 120 ke jiran wannan "ga ni nan tafe", abin ya wuce dariya. "Gobe in sha Allahu" kalma ce mai daraja, bai kamata mu mayar da ita mafakar saɓa alkawari ba.

Me za a yi? Ina da shawara huɗu, kuma ba wadda ke buƙatar mu jira wani daga waje.

Ta farko, a san yawan kaya kafin a kira mota. Kowace ƙungiyar manoma ta samu mutum guda mai littafi: sunan mai kaya, buhu nawa, wace rana zai kawo. Kada a kira direba sai kayan sun taru an ƙirga, a ɗauki hoto a tura masa. Ranar da direba ya tabbata in an ce 300 to 300 ne, ranar ce zai fara ɗaukar kiran ƙauye da muhimmanci.

Ta biyu, manomi da direba su ji muryar juna. Zauren WhatsApp guda, a ciki akwai wakilin manoma, da direba, da ɗan kamasho, da mai saye. Saƙon murya ya isa, ba sai an iya karatu ba. In mota ta lalace a faɗa a take, kowa ya ji, kafin a fitar da kaya daga gida. Kiran minti ɗaya ranar Litinin da ya hana kawuna kwana huɗu a waje.

Ta uku, a rubuta. Takarda guda, da Hausa, boko ko ajami: rana, wuri, yawan buhu, kuɗin kowane buhu, da abin da zai hau kan wanda ya saɓa. In mota ta makara fiye da yini, a rage kuɗin dako. In manoma suka kasa cika adadin da suka faɗa, su biya wani abu na gazuwal. Hukuncin ya hau kowa, shi ne adalci. Mai gari da wakilin sandika su zama shaidu. Ba baƙon abu ba ne gare mu, aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi take magana.

Ta huɗu, a ba manomi ikon jira. Wanda ke da wurin ajiya ba a yi masa cinikin dole. Muna da bankunan cimaka a ƙauyuka da dama, wasu sun mutu, a tashe su. Akwai tsarin jinginar hatsi, inda manoma ke ajiye kaya a mangaza su karɓi rance, su sayar in farashi ya tashi, an daɗe ana yin sa a ƙasar nan. Akwai buhun PICS mai rufi uku, wanda masu binciken INRAN na nan Maradi suka yi aiki a kansa, yana kashe ƙwaron wake ba tare da magani ba. In kayanka na cikin mangaza a rufe, mota ta makara kwana uku, ranka ne kawai zai ɓaci, aljihunka na nan.

Ga hukumomi kuma muna da kira. SIMA na tattara farashin kasuwanni, RECA na ba manoma shawara ta waya da harsunanmu, rediyoyin karkara na nan ana saurarensu. Yadda ake faɗin farashin gero, me zai hana a riƙa faɗin kuɗin dako daga wannan gari zuwa wancan, da hanyar da ta tsinke? Ma'aikatun magajin gari na karɓar haraji a kowace kasuwa, muna da haƙƙin tambayar nawa ke komawa gyaran hanyoyin karkara da wuraren tara kaya. In OPVN za ta sayi hatsi, a sanar da ƙungiyoyin manoma rana da wuri da wuri, don kada sai masu motocin kansu kaɗai su samu shiga.

Ƴan uwana, da yawanmu nan mun gama jami'a muna zaune, muna cewa ba aiki. Kusan kowa cikinmu na da ƙauye. Mun iya rubutu, mun iya lissafi, salula ba ta barin hannunmu. Littafin nan da na ambata, wa ya fi mu dacewa da riƙe shi? Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kafin kaka mai zuwa, kowa ya kira gida ya tambayi abu uku: buhu nawa ƙauyenmu ke fitarwa, wa ke kawo mota, sau nawa ta makara bara. Ku kawo amsoshin, mu haɗa su, mu ɗauka mu je mu zauna da sandikar masu motoci da shugabannin manoma a tabarma guda. Na riga na yi wa direban nan magana, ya ce in an kira shi zai zo. Kawu ma ya ce zai zo, da sharaɗin a gaya masa ranar gaskiya.

 Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa manomi ya ci guminsa.