Sheƙin Tsofaffin Sulalla: Dafewa da Wanki da Abin da Ke Salwanta



Abin da zan yi magana a kansa yau ƙarami ne a hannu, watau tsofaffin kuɗin ƙarfe waɗanda ke ajiye cikin adudai da akwatunan gidajenmu. Nufina in nuna muku cewa sheƙin da irin wannan kuɗi ya ke fitowa da shi daga maƙera sau ɗaya a ke samunsa, kuma yawancinsa a hannun masu son gyara shi ya ke salwanta.

Bari mu fara da sanin kuɗin. Kafin zuwan Turawa, ban da wuri, fatake sun shigo da dalar Mariya Tariza mai ɗauke da shekarar 1780, wadda kashi 83 cikin ɗari na jikinta azurfa ne. A 1907 aka fara buga anini da kwabo masu huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, a 1913 ta fito da taro da sisi da sule da fataka na azurfa. A 1920 kuwa, saboda tsadar azurfa, aka koma buga su da farin ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Babban Bankin Nijeriya ya fito da nasa a 1959, sa'an nan naira da kwabo suka zo ranar 1 ga Janairu, 1973. Da waɗannan kuɗaɗe kakanninmu suka yi cinikin shanu a kasuwar Wudil ta ranar Juma'a, ragowarsu kuma tana nan a gidaje, waɗansu ma an mai da su kayan ado na mata.

To, mene ne sheƙi? Sa'ad da a ke buga sule, a kan matse fallen ƙarfe tsakanin hatimai biyu da ƙarfi mai yawan gaske. Ƙarfen sai ya malala daga tsakiya zuwa baki, ya bar waɗansu 'yan kunyoyi sirara waɗanda ido ba ya iya rarrabe su. Su ne ke watsa haske, har in ka karkata sabon sule ka ga hasken yana kewaya shi kamar ƙafar keke. Ashe sheƙi siffar fuskar ƙarfen ce, kuma tsayin kunyoyin nan bai kai ko kusa da kaurin silin gashi ba.

Dafewa kuma daga iska ta ke zuwa. Akwai burbushin farar wuta a cikin hayaƙi da roba da ulu da waɗansu takardu. In ya sadu da azurfa sai su haɗu su zama wata fata a saman kuɗin. Muddin fatar nan tana da sirantaka, haske yana ratsa ta ya komo, saboda haka launinta ya kan sauya bisa ga kaurinta: da fari ruwan zinariya, sai ja-ja, sai shuɗi, a ƙarshe baƙi. Kunyoyin suna nan a ƙarƙashinta, don haka sulen da ya dafe kaɗan yana riƙe da sheƙinsa. Masu tara kuɗin tarihi a Ingila da Amurka sau da yawa su kan fifita irin wannan launi, don shaida ce cewa ba a taɓa kuɗin ba.

Yanzu sai wanki, wanda ya kasu biyu. Na farko shi ne tsomawa cikin ruwan magani, wanda galibi haɗi ne na wani sinadari mai suna tiyoyuriya da ɗan asid irin na ruwan batir. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ya kan narkar da fatar, kuɗin ya fito fari fat. Amma a tuna fa, fatar nan da azurfar sulen aka yi ta, in ta tafi da azurfar ta tafi. Tsomawa ɗaya ta gaggawa a hannun gwani, tare da ɗauraya sosai, tana iya barin sheƙi. In aka maimaita, ko aka bar shi ya jima, sai kunyoyin su baje, a sami kuɗi fari amma matacce, ba ya juya haske. Kwabon tagulla kuwa ya fi shan wahala, don ya kan fito da wani ja mai kama da ɗanyen nama wanda ba ya ɓoyuwa ga masani.

Na biyu shi ne wanda muka saba da shi a gida: toka, da yashi, da lemun tsami ko tsamiya. Wannan ya dace da tasa da munduwa, amma ga sule kankara ce. Yana share kunyoyin, ya bar dubban zane-zane. Kamfanonin da ke tantance darajar irin waɗannan kuɗi, kamar PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, suna aiki da ma'auni daga 1 zuwa 70, kuma kuɗin da suka ga alamar an goge shi ba su ba shi lamba, sai su rubuta aibinsa, farashinsa ya faɗi. Garin neman gira ke nan an rasa ido.

Saboda haka ga shawarata. Wanda ya gaji irin wannan kuɗi kada ya goge shi. Ya riƙe shi ta baki, don gumin yatsa yana da gishiri, kuma ya kan bar tambari. Ya ajiye kowane ɗaya daban a wuri busasshe, nesa da hayaƙin murhu da zoben roba da leda mai taushi, wadda kan haifar da kore mai danƙo. In ya ga kore mai gari-gari yana cin tagulla, wannan cuta ce, sai a nemi masu adana kayan tarihi, irin na Gidan Makama a Kano.

Ku ɗaliban kimiyya na Jami'ar Aliko Ɗangote da ke nan Wudil, ku ne za ku bayyana wa iyayenmu wannan. Ku ma'aikata kuma, in irin waɗannan kuɗi suka biyo ta ofisoshinku wajen rabon gado ko ajiyar hukuma, ku rubuta shekara da siffar kowanne, ku bar su da launin da zamani ya ba su.