TSARGIYA BA ALAMAR BALAGA BA CE: NASIHA GA IYAYEN YARA A YANKIN NOMAN RANI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya saukar da ruwa Ya raya ƙasa da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa iyaye maza da mata, babu wanda zai musanta ni'imar da Allah Ya yi wa wannan yanki namu. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka jawo ruwa ta manyan kanal-kanal zuwa gonakin Bunkure da Kura da Kadawa da Garun Malam, manomi ya daina zaman jiran damina. Shinkafa da alkama da tumatir da albasa sun rufa wa dubban gidaje asiri. Amma mu da aikinmu shi ne duba lafiyar ƙananan yara muna ganin wani ɓangare na wannan ruwa wanda ba a cika magana a kansa ba, wato cutar tsargiya, ko fitsarin jini.

Da farko ya kamata mu san yadda cutar take tafiya. Wata tsutsa ce ke kawo ta, wadda wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ya gano a birnin Alƙahira a 1851. Idan mai cutar ya yi fitsari a cikin ruwa, ƙwayayen tsutsar sukan fita tare da fitsarin, su ƙyanƙyashe, su shiga jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi da ke maƙale a ciyayin bakin kanal. A cikinsa suke hayayyafa na 'yan makonni, sannan su fito dubbai, ido ba ya ganinsu, suna yawo a ruwa, musamman da tsakar rana. To, wannan kuwa shi ne lokacin da yaranmu suke faɗawa kanal domin gudun zafi. Ba sai yaro ya sha ruwan ba. Ta fata suke shiga, ko da babu rauni a jiki. Daga nan su girma a jijiyoyin jini na kewayen mafitsara, su yi shekaru suna zuba ƙwai. Waɗannan ƙwayaye su ne ke yi wa mafitsara rauni, shi ya sa ake ganin jini, galibi a ƙarshen fitsari. Akwai kuma nau'in da ke zama a hanji, mai kawo bayan gida da jini da kumburin ciki.

Wannan jarrabawa ba mu kaɗai ta sama ba. Mutanen bakin tafkin Volta a Gana sun gamu da ita bayan gina madatsar Akosombo a 1965, haka ma manoman Richard Toll a Senegal bayan madatsar Diama ta 1986. Duk inda aka tsayar da ruwa shekara cur, dodon koɗi ya sami gida.

Jama'a, abin da ya fi cutar haɗari shi ne camfin da ya lulluɓe ta. Har yanzu akwai masu cewa fitsarin jini alama ce yaro ya fara zama namiji, wai zai daina da kansa. Wannan magana ba ta da tushe a likitanci, ba ta kuma da tushe a addini. Malaman fiƙihu sun ƙididdige alamomin balaga, kamar mafarki da haila da fitowar gashin mara da cikar shekaru, babu fitsarin jini a cikinsu. Gaskiya ne jinin kan ragu idan yaro ya girma, amma ɓarnar tana ci gaba a ɓoye. Yaro ya rame, jininsa ya yi ƙaranci, ya kasa tsayi, ya riƙa gyangyaɗi a gaban allo a ce masa malalaci. Bayan shekaru kuma mafitsara ta taurare, hanyar fitsari ta toshe, ƙoda ta lalace, wani ma ya kai ga ciwon daji na mafitsara.

'Ya'ya mata ma ba su tsira ba. Su ne ke wanki da wanke-wanke a bakin kanal, kunya kuma ba ta barin su faɗi abin da suke gani. Cutar tana iya taɓa mahaifa da al'aura, ta jawo ciwon mara da zubar jini, har ta hana haihuwa bayan aure, a zo ana zargin sammu ko aljannu. Don haka ya ku iyaye mata, ku riƙa jan 'ya'yanku a jiki kuna tambayarsu cikin hikima. Abin da yarinya ba za ta faɗa wa ubanta ba, za ta faɗa wa uwarta.

To, mene ne abin yi?

Na farko, magani. Allah Ya hore mana wata ƙwaya mai suna praziquantel, wadda ake sha sau ɗaya, gwargwadon nauyin yaro ko tsayinsa. A ba shi bayan ya ci abinci, domin takan sa jiri ko tashin zuciya na ɗan lokaci. Ana raba ta kyauta a makarantu, kada uba ya hana ɗansa karɓa saboda jita-jita. Malaman allo da na Islamiyya su nemi ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma a haɗa da ɗalibansu, domin yaron da ba ya zuwa firamare shi ake yawan tsallakewa. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yi wa yara magani daga shekara 2 a wuraren da cutar ta yi yawa, amma irin waɗannan ƙanana ma'aikacin lafiya ne zai auna musu. A sani kuma, maganin yana kashe tsutsar da ke jiki ne, ba ya hana sake kamuwa. Shi ya sa ake maimaitawa.

Na biyu, ba kowane jan fitsari ne tsargiya ba. Idan ya zo da zazzaɓi mai zafi, ko kumburin fuska da ƙafa, ko idanu suka yi rawaya, ko fitsarin ya ragu ƙwarai, kada a kwana. A kai yaro Babban Asibitin Kura ko asibiti mafi kusa, a auna fitsari da jini. Idan aka tura ku Kano, ko asibitin yara na Hasiya Bayero ko na Koyarwa na Aminu Kano, ku daure ku je.

Na uku, rage shiga ruwan. Mun san ba za a hana ɗan manomi taya ubansa dashen shinkafa ba. Amma wankan tsakar rana a kanal ba dole ba ne. A yi wa jarirai da ƙananan yara wanka da ruwan rijiya ko burtsatse. In ba a sami wani ba sai na kanal, a tafasa shi, ko a ajiye shi a mazubi kwana 2 kafin a yi wanka da shi, domin 'ya'yan tsutsar ba sa daɗewa idan ba su sami jikin mutum ba. Mai hali ya saya wa yaronsa dogon takalmin roba na shiga fadama.

Na huɗu, wanda shi ne tushe, a daina fitsari da bahaya a kanal da bakinsa. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, an kuma ruwaito hani ga biyan bukata a mashayar jama'a. Idan ƙwai bai shiga ruwa ba, dodon koɗi ba shi da abin da zai ɗauka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa su haɗa kai a haƙa salga nesa da kanal, a kuma riƙa yashe shi ana cire ciyayi. Limamai su tuna wa jama'a wannan a huɗuba.

'Yan'uwa, 'ya'ya amana ne, za a kuwa tambaye mu a kansu. Kowane magidanci ya koma gida yau ya tambayi yaransa ɗaya bayan ɗaya ko suna ganin jini a fitsari. Wanda ya amsa da i, a kai shi asibiti a wannan mako.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuriya bisa tafarkin Sunna, Ya sa albarka a gonakinmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.