Jawabi Kan Sayen Tsohon Jirgin Ruwa Na Katako

Mu da ke jigilar doya tsakanin Lakwaja da Anacha ta Kogin Kwara, kada araha ta ruɗe mu wajen sayen tsohon jirgi. A jawo shi tudu tukuna, mu caka wuƙa a katakon gindinsa. In ta lume, to, ruɓa ce aka rufe da fenti. In mun saya, mu cusa auduga a tsagogi, mu shafa kwalta, mu riƙa kwashe ruwan sama, don shi ke ruɓar da katako. Kada kuma ya daɗe a tudu cikin rana, katakon zai tsuke, tsagogi su buɗe. Jama'a, ba doya kaɗai muke ɗauka ba, har da rayukan mutane. Allah Ya kiyaye.